Tikitin wasan Porto da abin da ya same mu a Jidda

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Ni mai karanta jaridarku ne daga Jidda, shekara takwas kenan ina nan ina ɗinki, a waya nake binku kuma gaskiya shafin wasanni nake fara buɗewa kafin komai. Na karanta rahoton da kuka yi kan wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai wanda Chelsea ta ci Manchester City 1-0 a Porto ranar 29 ga Mayun 2021, rahoton yayi kyau babu laifi, kun faɗi ƙwallon Havertz kun faɗi mutum 14,110 da suka shiga fili, amma akwai wani ɓangare da banga kowa ya taɓa ba, wato mu da muka tara kuɗi don zuwa bamu je ba kuma kuɗin ma bai dawo duka ba. Na daɗe ina juya maganar a raina ko in rubuto ko in bari saboda kunya, sai naga in nayi shiru gobe wani ne zai faɗa ramin.

Mu tara ne a majalisarmu nan wajen unguwar Karantina, akwai teloli akwai direbobi akwai mai tallar turare, yawancinmu 'yan Chelsea ne tun zamanin Babayaro ɗan Kaduna, ni kam wasan 2012 da aka yi a Munich a gidan kallo na kalle shi a Kaduna da janareto, Mikel Obi yana tsakiya Drogba ya buga fenaretin ƙarshe, tun daren nan nake cewa in Allah ya ara min rai sai na ga ƙungiyar nan da idona ko sau ɗaya ne. Da muka haɗu a nan sai muka fara adashi, riyal 200 kowane wata, ba don ƙwallo kaɗai ba, kowa da buƙatarsa, amma mu huɗu mun ƙudurta cewa namu kwasar na tafiya ne.

To ranar 5 ga Mayu, muna cikin goman ƙarshe na azumi, Chelsea ta fitar da Real Madrid da ci 2-0, mun sauko daga tarawihi muka kalla kafin a tashi tahajjud. Washegari da safe sai ga saƙo a gurup ɗinmu na WhatsApp daga wani dillali, ɗan uwanmu ne Bahaushe ba baƙo ba, an sanshi da harkar yankan tikitin jirgi da kai kaya gida, yace yana da hanya zuwa Istanbul inda a lokacin aka shirya za a buga wasan, tikitin fili da jirgi da biza da gwajin korona duk a dunƙule, mutum ya bada kafin alƙalami riyal 3,000 sauran sai an tashi tafiya, kuma guri kaɗan ne wanda ya riga ya riga. Mu huɗun nan muka bayar hannu da hannu babu rasit babu shaida a rubuce, ni ma ina ciki ba zan ɓoye ba.

Dattijon majalisarmu wanda ya fi shekara talatin a ƙasar nan shi kaɗai ya tsaya yace yara zuwa dai naji, dawowar fa? Mukace Baba ai mutumin yace bayan sallah za a buɗe komai. Yace ku dai bincika, wannan cinikin biri a sama ne. Wallahi da mun tsaya mun bincika a ranar da ko riyal ɗaya bamu fitar ba, domin abin a fili yake ba ɓoyayye ba, tun 3 ga Fabrairu Saudiyya ta hana baƙi shigowa daga ƙasashe 20 saboda korona kuma Turkiyya na ciki, duk wanda ya ratsa ɗaya daga cikinsu sai ya yi kwana 14 a wata ƙasar daban kafin a barshi ya shigo. Buɗewar da ake ta magana ta 17 ga Mayu kuwa ta 'yan ƙasa ce masu rigakafi, su ma ɗin ba a yarda su je Turkiyya ba sai da izini. Kaga ke nan ko 'yan uwanmu Hausawi masu jinsiyar ƙasar basu da wannan hanyar balle mu masu igama, wato takardar izinin zama ta baƙi, da koren fasfo.

Sannan ga maganar fita ita kanta, wadda mutanen gida basu cika ganewa ba. Mu nan ba ɗaukar jaka kawai kake yi ka nufi filin jirgi ba, sai ka samu huruj wa auda wato bizar fita da dawowa. Gaskiya ne tun 14 ga Maris an sassauta, ma'aikacin kamfani zai iya nema da kansa ta manhajar gwamnati ta Absher, amma sassaucin bai haɗa da ma'aikatan gida ba, kuma biyu daga cikinmu direbobin gida ne, sai kafili, wato uban gidan da ya ɗauke ka aiki, ya yarda, wane kafili ne zai saki direbansa ana gama sallah ya tafi kallon ƙwallo sannan ya ƙara kwana 14 a wata ƙasa ya dawo kuma wataƙila a killace shi mako guda a otal da kuɗinsa, don daga 20 ga Mayu aka fara wannan dokar ga baƙon da bai cika sharaɗin rigakafi ba, mu kuma yawancinmu allura ɗaya muka yi saboda an ɗage ta biyu tun Afrilu. Duk wannan dillalin ya sani sarai, aikinsa ne.

Ana cikin haka Ingila ta saka Turkiyya a jan layi ranar 7 ga Mayu, ma'ana duk ɗan Ingilan da yaje ya dawo sai ya kwana goma a otal ya biya fam 1,750, to ƙungiyoyin biyu duk na Ingila ne wa zai je. Ranar 13 ga Mayu, ranar sallah ce a nan, mun dawo daga idi muna cin abinci sai labari ya fito hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai UEFA ta mayar da wasan Porto ta ƙasar Fotugal. Karo na biyu kenan a jere da aka ɗauke wa Istanbul, na 2020 ma Lisbon aka kai shi aka buga babu ɗan kallo ko ɗaya. Muka kira mutumin, yace ba mushkila tikitin ɗaya ne jirgi kawai zai canza, har ya turo mana hoton wani tikiti mai tambari don hankalinmu ya kwanta. Ganin Dala dai ba shiga birni ba ne. Fotugal bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai take buƙata, saura kwana 16 wasa, ƙasar ta buɗe ne wa masu yawon buɗe ido na Turai da Ingila mu bama ciki, kuma ita ma tana cikin ƙasashe 20 ɗin da aka hana shigowa daga cikinsu.

Abin da yafi tsaya min a rai Edita shine lissafin tikitin kansa, da na zauna daga baya na karanta yadda aka raba. Mutum 16,500 kawai aka yarda su shiga filin Dragao, kowace ƙungiya aka bata 6,000 don magoya bayanta, sai 1,700 da aka saka wa sauran jama'ar duniya a intanet ranar 25 ga Mayu, kwana huɗu kafin wasa, farashi daga yuro 70 zuwa 600. To mutumin da ya karɓi kuɗinmu ranar 6 ga Mayu me yake sayar mana? Lokacin ko garin da za a buga ba a gama tabbatarwa ba balle kujera. Babu komai a hannunsa, son da muke yiwa ƙungiyar ya gani ya yi kasuwa dashi. Kuma wani abin takaicin, Chelsea sai da ta mayar da tikiti sama da 800 da ba a saya ba saboda tsadar tafiya da wahalar sharuɗɗa ta hana nasu mutanen, a ɗaya ɓangaren kuma Sheikh Mansour mai City shi ya ɗauke wa magoya bayansa kuɗin jirgi. Kujeru suna can babu kowa mu muna nan muna neman ko tsayuwa ce, amma tsarin gaba ɗaya an gina shi ne kan mai fasfon Ingila da zai tashi da safe ya koma da dare, ba da irinmu aka yi lissafi ba, kuma da wani ya faɗa mana haka da Hausa tun farko da mun haƙura cikin mutunci.

Su kansu Turawan basu tsira ba, kwana biyar bayan wasan Ingila ta sanar da cire Fotugal daga koren layi, wato jerin ƙasashen da ba a killace wanda ya dawo daga cikinsu. Mu kuma a nan, a ranar wasan ne aka sanar cewa daga washegari 30 ga Mayu an ɗage hanin shigowa daga ƙasashe 11 har da Fotugal. Haka dokokin korona suke juyawa cikin kwana biyu uku, wanda ke zaune a ofishin gwamnati ma bai san na jibi ba, ta yaya ɗan WhatsApp zai maka alkawarin wata guda.

Wasan dai a ɗakin ɗaya daga cikinmu muka kalla, ƙarfe goma na dare agogon nan, kowa ya zo da takunkuminsa don a lokacin tarar rashinsa riyal 1,000 ce. Thiago Silva ya fita da rauni tun kafin hutu gabanmu ya faɗi, sai minti na 42 Mount ya zura wa Havertz ita ya kauce wa golan City Ederson ya saka a raga, Kante kuwa kamar su uku ne a filin, ƙwallon Mahrez ta ƙarshe da ta wuce saman turke sai da numfashina ya tsaya. Munyi murna ba ƙarya. Amma ƙaramin cikinmu, direba ne yaro mai natsuwa, ina kallonsa ana ta ihu shi yana zaune hannu a haɓa, ashe riyal 3,000 ɗin nan kuɗin kwanon rufin ɗakin mahaifiyarsa ne a ƙauye da ya ce zai tura kafin damina ta sauka, ya ɗauka zai mayar daga albashin wata biyu. Da aka watse ya jawo ni gefe yace Yaya me zan gaya wa Inna, ruwa ya fara sauka a can. Ban samu abin da zan ce masa ba.

Za ka ce me ya hana mu kai ƙara. Da me? Babu takarda, kuɗi hannu da hannu, ɗaya daga cikinmu igamarsa ta kusa ƙarewa yana tsoron duk abin da zai kai shi gaban hukuma, sannan ga zumunci, wannan yace ɗan garinmu ne wancan yace surukin wane ne a rufa asiri. Dattawa suka shiga tsakani aka zauna har sau uku, yace wai shi ma wani ne a sama ya cinye shi, ƙarshe ya dawo wa kowa da rabi yace sauran sai a hankali. Shi yasa ban kama sunansa ba, ana kan sulhu kuma ba tozarta mutum nazo yi ba. Mu ukun muka haɗa daga namu rabin muka cika wa yaron ya tura gida.

Nasan wani zai karanta yace ƙwallo ce fa, mutane na mutuwa da annoba, alhazan gida shekara biyu kenan suna jiran kujera, ga shi ranar 12 ga Yuni an sanar Hajjin 2021 ma mutum 60,000 ne kawai kuma na cikin ƙasa. Na yarda ɗari bisa ɗari, namu ƙarami ne a kan wannan. Amma ka sani irin mutanen nan basa zaɓe, wanda ya sayar maka da tikitin Porto yau shi zai ce gobe yana da tasrihi wato izinin Hajji ta bayan fage alhali rajistar a shafin ma'aikatar Hajji ake yinta kowa da wayarsa, kuma masu faɗawa hannunsu irinmu ne, masu aikin ƙarfi da basa jin Turanci sosai, Larabcin ma na kasuwa ne ba na takardar doka ba.

Roƙona gareku shine shafin wasanninku ya daina tsayawa kan waye ya ci waye ya sha kashi. A lokacin da nake wannan rubutu a 2021, Gasar Kofin Afirka na tafe a Kamaru daga 9 ga Janairu zuwa 6 ga Fabrairun 2022, Najeriya ta samu shiga Sudan ma ta samu, Garwa na cikin garuruwan da za a buga kuma can kamar gida ne ana jin Hausa, mutanenmu na Jidda da Makka da Madina da yawa zasu so su haɗa hutu da kallo. Bayanta ga Kofin Duniya a Katar ƙarshen 2022, wanda mu daga nan ko a mota ana zuwa ta iyakar Salwa tunda aka buɗe ta a Janairun 2021. Ku ware mana ko ɗan gefe ne kowane mako ku rubuta da Hausa wa ke da hurumin sayar da tikiti, ranar da za a fara, farashin gaskiya, wace biza ake buƙata, wace rigakafi ake karɓa, kuma abin da Baba ya tambaye mu muka ƙi ji, wato sharaɗin dawowa ga mai igama, in doka ta canza ku sake bugawa da kwanan wata a jiki. Kuna da wakilai kuna da masu jin harsuna, abin da zai ɗauke ku awa ɗaya mu sai mu yi mako muna tambayar juna kowa na faɗin abin da yaji a bakin wani.

Ba da wasa nake wannan gaggawar ba, ko ƙuri'ar rukunin gasar Kamaru ba a jefa ba amma shekaranjiya wani ya riga ya turo a wani gurup da nake ciki wai yana karɓar kafin alƙalami na wasan ƙarshe a Yawunde, guri kaɗan ne, kuma na ga mutum biyu sun tambaye shi lambar akawun.

Nagode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku, mai karatu daga Karantina, Jidda, 2021.