Sandunan sun amsa haske

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Na san ka yi fushi, wata huɗu ko layi ɗaya babu. Ka yi haƙuri, yau da albishir na zo.

Mitsi-mitsin sandunan sinadarin zink oksaid ɗin nan da na dame ka da labarinsu sun yi aiki! Ka tuna yadda nake shuka su: sinadaran zink naitiret da hekzamin a ruwa, a tsoma gilashi, a bar shi a zafin digiri 90 na wasu awoyi, sai su tsiro tsaye kamar gero a damina. Sai ka jera kusan dubu kafin su kai kaurin gashi guda. Daren Talata na kashe fitilun ɗakin gwaji, na haska musu fitilar UV (hasken da ya wuce shuɗi, wanda ido ba ya gani) mai tsawon zango nanomita 365, nan take lantarki ya yi sama a allo. Wallahi sai da na yi sujada. Jan haske kuwa ko gezau ba su yi masa ba, don ƙarfinsa bai kai elektiron-bolt (ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske) 3.37 da suke bukata ba.

Ashe iskar oksijin ce ke manne a jikinsu tana riƙe elektiron, ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, haske ya zo ta sake su. Nan kuma damuwata take. In na kashe fitilar, lantarkin ba ya sauka da wuri, sai oksijin ta koma ta sake mannewa, mintuna suna tafiya. Malamina so yake ya sauka cikin daƙiƙa. Abin nan yana hana ni barci.

Kai da kake cewa fiziks ba ya ciyar da gida, talabijin QLED da ka saya lokacin biki fa? Ɗige-ɗigen kwantam ne a ciki, wato mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ba da haske, ƙanana su ba da kore, manya ja. A kansu Bawendi da Brus da Ekimov suka karɓi Nobel a 2023. Sai ka gode mana.

Af, an ce autanku ya kai kuɗin gaisuwa? Gidan da nake zato ne?

Mako mai zuwa za mu sa su a tulun da aka zuƙe wa iska, mu ga ko tsininsu zai fitar da elektiron ba tare da zafi ba. Ka tuna tsohuwar talabijin ɗin Baba da sai ta ɗumama kafin hoto ya fito, don ita da zafi take fitar da elektiron. Ka sa ni a addu'a, ka kuma aiko da yajin nan.

Naka har kullum.