Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana Kan Yaranmu Masu Koyon Aikin Wuta

Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa masu sana'ar wuta na Jos da Bukuru, assalamu alaikum, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar.

Lissafin kuɗi na ma'aji ne, zai karanta shi da bakinsa ranar taro, don haka ni sakatare zan tsaya kan abin da aka aikata. Taron wata-wata ya gudana, in ban da na watan azumi da aka ɗage zuwa bayan salla, da wani na tsakiyar damina da ruwa ya hana mutanen Bukuru isowa. An je suna, an je biki, an duba marasa lafiya, an yi ta'aziyya. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri.

Abin da ya cinye mana shekarar shi ne maganar yaran da ke bin mu wurin aiki ba a biyansu, kuma a kanta zan daɗe.

Yaran nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɗalibai daga Jami'ar Jos da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Barkin Ladi, masu zuwa da takardar SIWES, wato shirin tura ɗalibai wuraren aiki don su koyi aiki a aikace. Su da sauƙi, domin tsari ne na hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF, wadda aka kafa a 1971, hedikwatarta kuma tana nan garinmu a hanyar Miango, ta ɓullo da shirin tun 1973. Ɗalibi yana da littafin da yake rubuta abin da ya yi kullum, akwai malamin da zai leƙo, akwai ranar gamawa. Sai yaron shago, wanda mahaifinsa ko kawunsa ya riƙo hannunsa ya kawo, ya ce ga amana, aka yi addu'a aka watse, ba takarda ba wa'adi. Sai kuma kashi na uku da suka yawaita a 'yan shekarun nan: samari da suka gama kwalejin koyon sana'a, irin ta Bukuru, da takardar hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB a hannu, amma duk inda suka nemi aiki sai a tambaye su gida nawa suka taɓa yi wa wayarin. Su ne ke zuwa da bakinsu su ce, Oga, a bar ni in riƙa bin ka, ko sisi ba na so. A cikinsu bana har da 'yan mata, kuma waɗanda suka karɓe su sun yaba da natsuwarsu wajen haɗa akwatin birka, wato akwatin makunnan da ke katse wuta in ta yi yawa.

Wannan "ko sisi ba na so" ɗin ce ta dame ni. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, yaron da zai tashi daga Anguwan Rogo ko Gangare ya kai kansa gini a Rayfield sai ya hau abin hawa biyu, ya dawo haka, bai ci abincin rana ba tukuna. Wanda gidansu ke da hali zai jure. Ɗan talaka kuwa wata biyu ya yi yawa, sai ka ji ya koma tuƙa keke ko dako a kasuwar Katako, alhali sau da yawa shi ne hannunsa ya fi faɗawa. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan ƙananan wuraren aiki masu ƙasa da ma'aikata 25 ba, kuma kusan dukkanmu nan muke. Ke nan babu mai tilasta mana, sai dai mu tilasta wa kanmu.

An yi zama uku a kan batun, na biyun ya yi zafi. Dattawanmu suka ce haka kowa ya koya, su ma sun yi shekaru suna ɗaukar tsani ba su ga kwabo ba, kuma ilimin da ake ba yaro shi ne ladansa. Wasu suka kawo asarar da suke yi: yaro ya yanka naɗin waya ba bisa awo ba, ya fasa bango inda bai kamata ba, ko ya juya kan batir ya ƙone inbatar mutane (na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida), maigida ne zai biya. Wannan gaskiya ne, ni ma an yi mini. Kuma ba na so mu kafa sharaɗin da zai sa kowa ya rufe ƙofarsa ya daina karɓar yara, domin sana'ar nan ba a koyonta a allo kaɗai.

Amma ra'ayina, wanda na faɗa a zauren kuma nake maimaitawa a rubuce, shi ne mu rarrabe koyo da aiki. Yaron da ya shafe wata shida ba abin da yake yi sai fasa bango da kurfi da guduma, da jan waya cikin fayif, da sayo wa Oga abinci, lebura ne aka samu a kyauta, ba a koya masa komai ba. Koyarwa ita ce ka tsaya ka nuna masa dalilin sa waya mai kaurin 1.5 a layin ƙwan fitila, mai 2.5 a soket, da abin da zai faru idan aka ɗora hitar ruwa kan siririyar waya. Ka nuna masa cewa a tsofaffin gidajen Jos zai tarar da waya ja da baƙa, a sabon kaya kuma ruwan ƙasa da shuɗi, kada launi ya ruɗe shi. Ka fahimtar da shi amfanin wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, wadda masu gida ke son a tsallake don rage kuɗi. Ka sa ya haddace cewa ba a taɓa waya sai an kashe an kuma gwada da tasta (abin gwada ko akwai wuta), ko da kai ne ka ce masa babu wuta. Ranar da ya iya ɗaukar ɗaki shi kaɗai ya gama, ka zo ka duba ba ka sami gyara ba, daga ranar yana kawo maka kuɗi ne, kuma yana da haƙƙi a ciki.

Abin da ya kawo ƙarshen gardamar ba iya maganar kowa ba ce. Bayan babbar salla wani yaronmu yana kan tsani a wani bene a Rikkos, an tabbatar masa babu wuta, sai wani a ƙasa ya tayar da janareta don masu walda, alhali canji-oba ɗin ginin, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, ba a gama haɗa shi daidai ba. Wuta ta fizge shi, ya faɗo ya karye a hannu. Ɗan kwangilar ginin ya ce bai san da shi ba, sunansa ba ya cikin ma'aikatansa. Maigidansa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma a lokacin ba a biya shi kuɗin aikin ba. Karo-karon da kuka yi ne ya biya asibiti, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na je gidansu sau biyu, kuma abin da mahaifiyarsa ta tambaye ni, ko yaron yana da wata takarda da ke nuna yana aiki a wurin, ban sami amsar da zan ba ta ba. Da muka bincika sai muka ga dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke kula da ita, ta haɗa har da masu koyon sana'a, sai dai mai ɗaukar aiki ne zai yi rajista ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Kwamiti na duba ko akwai hanyar da za mu shiga a ƙungiyance.

Daga nan aka amince da takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya, Hausa a gaba, Turanci a baya. Ba baƙon abu muka ƙirƙiro ba, dokar ƙwadago ta ƙasa ta riga ta ce yarjejeniyar koyon sana'a a rubuce ake yinta, jami'in ƙwadago ya shaida, kuma kada ta wuce shekara biyar. Tamu ta ce duk ranar da aka fita da yaro wurin aiki, kuɗin motarsa da abincin ranarsa na kan maigida tun daga ranar farko. Maigida zai ba shi tasta da safar hannu, ba zai bar shi shi kaɗai kan layi mai wuta ba, in ya ji rauni kuma ba zai gudu ya bar shi ba. Idan hannunsa ya kai, za a yanka masa wani abu daga kowane aiki, gwargwadon yadda suka daidaita a gaban shaidu biyu na ƙungiya. Za a kuma rubuta ranar yaye. Shi ma yaro akwai nasa: zuwa kan lokaci, riƙon amanar kayan mutane, da barin karɓar aiki a bayan idon maigidansa kafin a yaye shi.

Ba zan ɓoye muku ba, waɗanda suka sa hannu ba su kai waɗanda ba su sa ba. Rajistar yaran da muka ce za a kammala ma ta tsaya, domin wasu 'yan'uwa ba sa son a san yawan yaran da ke ƙarƙashinsu. Wannan ya yi mini ciwo, kuma na san wasunku sun fi ni sanin dalili.

A ɓangaren horo an samu ci gaba. Ajin ranar Asabar kan sola da inbata ya cika har wasu na tsaye, ba mamaki, tun da aka kai kuɗin wutar rukunin Band A, na unguwannin da suka fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024 mutane suka karkata ga hasken rana, aikin kuma yana hannun wanda ya iya lissafin batir da farantin sola. Mun bar yara su shiga ajin kyauta. Mun kuma taimaka wa wasu suka cike takardun jarrabawar Trade Test ta ma'aikatar ƙwadago, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na biyu zuwa na ɗaya, manya kuma muna ta tuna musu takardar shaidar ƙwarewa ta hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki, domin manyan ayyuka yanzu ana tambayarta. Garin da ya san lantarki tun zamanin haƙar kuza, tun da kamfanin lantarki na NESCO ya soma aiki a 1929 da ƙarfin ruwan Kurra, bai kamata a ce ana ɗauko masu takarda daga wani gari su zo su sa hannu kan aikin da yaranmu suka yi ba.

Da shigowar hunturu an zagaya Dilimi da Farin Gada da Katako ana jan kunnen 'yan kasuwa kan hita da jone-jonen waya. Mutumin Jos da ya ga gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 ba ya buƙatar dogon wa'azi kan gobara, sun saurare mu, wasu har sun kira aka canza musu waya. Yaran ne suka yi yawancin aikin, kuma a wannan karon an biya su a hannu.

A taron farko na sabuwar shekara kowa ya zo da sunayen yaransa, da ranar da kowanne ya fara, da takardar yarjejeniya ko an cike ko ba a cike ba. Shugaba ya amince yaran su ma su zo su zauna a baya, a ba biyu daga cikinsu dama su yi magana. Yaron Rikkos an cire masa ɗauri, ya koma shago, amma likita ya ce kada ya hau tsani tukuna, don haka maigidansa ya sa shi kan haɗa akwatunan birka a ƙasa. Yana cikin waɗanda za su yi maganar.

Sakataren ƙungiya, Jos