Ruwana ya kai ƙasa

Abokina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya amarya da nauyin jiki? Saƙonka ya iso tun kafin Sallah, na ga kana tambaya ko zan samu zuwa bikin ƙaninka.  Bari in fara da abin da ya hana ni barci jiya don murna: ruwana, wato ruwan tekun da nake kwaikwayon tafiyarsa a kwamfuta, ya kai ƙasa!

Na san yanzu ka ce mutumin ya fara. To saurara, kai da ko kwalekwalen Tiga sai da aka riƙe maka hannu. Tsakanin Girinland da Aisland akwai Mashigin Denmak. A can ƙasan mashigin akwai tudu, zurfin ruwa a kansa bai wuce mita 650 ba. Ruwan da ke arewa da tudun sanyi ya sa ya yi nauyi, sai ya haura tudun ta ƙarƙashi ya gangara Tekun Atilantika har zurfin kusan mita 3,000. Fiye da kubik mita miliyan 3 ke wucewa kowace daƙiƙa, wajen ninki 15 na Kogin Amazon, amma wanda ke cikin jirgi a sama ba zai ga komai ba. Akwai irinsa kusa da tsibiran Faro, wajen miliyan 2.

Matsalarmu, mu masu binciken teku, ita ce kwamfuta ba ta iya gangarar da ruwan nan yadda ya kamata idan tana kwaikwayon teku. Manhajojin hasashen yanayi suna yanka teku akwati-akwati, faɗin kowanne kusan kilomita 100, sai gangaren ya zama matattakala. Duk taki ɗaya da ruwan ya sauka sai ya gauraya da mai ɗumi, kamar a dama fura a yi ta ƙara ruwa har ta tsinke. Kafin rabin hanya ya rasa nauyinsa, ya tsaya yana yawo a tsakiya. Ga kuma guguwoyin ruwa da ke juyawa a mashigin duk bayan 'yan kwanaki. A can arewa ƙanana ne, akwatin ya fi su girma, kwamfuta ba ta ma san da su ba. Tun 1990 wasu masana biyu, Gent da McWilliams, suka fito da lissafin da ke maye gurbinsu, ana kuma cin moriyarsa, amma ni dai a wurin nan raina bai taɓa kwanciya da shi ba.

Abin da na yi shi ne na ƙanƙanta akwatunan a kewayen mashigin kaɗai, zuwa 'yan kilomita. Jiya bayan Isha'i na buɗe sakamakon. Wallahi sai ga guguwoyin sun fito da kansu, ɗaya na bin ɗaya a gefen Girinland, shuɗin da na ware wa ruwan sanyi ya malala har gindin teku bai dusashe ba. Na kira malamata, ta zo da rigar ruwanta tana ɗiga (garin Bargen na ƙasar Norway ke nan, ba a rabuwa da lema), ta daɗe tana kallo, ta ce a sake gudanarwa don a tabbatar. Gaskiyarta.

Af, wai da gaske Kawu ya sayar da gonar bakin rafi? Inna ta faɗa mini a waya amma layin na yankewa. Idan haka ne ban ji daɗi ba ko kaɗan, mangwaron nan da mu aka dasa shi.

Gonar ma ta tuna mini. Kullum kana cewa me ya haɗa Bakano da ƙanƙarar Girinland. Ruwan nan da ke nutsewa yana cikin abin da ke jan babban zagayen ruwan Tekun Atilantika, wanda ke kai ɗumi arewa. Tun 2004 ake auna shi, kusan kubik mita miliyan 17 a daƙiƙa. Idan ya yi rauni arewacin tekun zai huce, damina kuma ta ja kudu ta bar mu. Farin 1973 da na 1984 da Baba ke ba mu labari sun zo ne a shekarun da arewacin Atilantika ya fi sanyi in an gwada da kudancinsa. Manhajar da ta kasa kai ruwa ƙasa, ta yaya zan yarda da abin da za ta ce kan geron jikokinmu?

Damuwata yanzu lokacin babbar kwamfuta ne. Ƙananan akwatuna suna cin lokaci sosai, 'yan shekaru kaɗan nake iya gudanarwa, alhali yanayi ɗaruruwan shekaru yake so. Na rubuta takardar neman ƙari, ka sa ni a addu'a.

Idan ka samu mai tahowa, a haɗo ni da kuka da daddawa, a ɗaure da kyau. Ka gaida Inna, ka gaida 'yan majalisa, ka ce wa Liman ban manta da alkawarin agogo ba.

Naka har kullum.