Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Hukumar Nishaɗi ta Saudiyya

Zuwa ga Mai Girma Turki Al-Sheikh,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ɗaya ne daga cikin Hausawan Jidda da ke neman abinci a wuraren wasan yara da ake kira malahi, inda nake sayar da gugguru da balila (wani dafaffen wake na Larabawa) a wata ƙaramar rumfa, musamman a kwanakin sallah da hutun makaranta.

Tun daga ƙarshen Yulin 2025, lokacin da ƙarfen wani babban lilo ya karye a Hada ta Ɗa'if yana tsaka da juyi, mutum fiye da 20 suka jikkata, har Gwamnan Ɗa'if ya ba da umarnin rufe wurin, hankalin jama'a ya koma kan manyan liluka. Hakan daidai ne. Sai dai mu da muke yini a ƙasa muna ganin wani haɗarin da bai cika ɗaukar ido ba, kuma a rumfunanmu yake.

Tukunyar balila a kan wutar gas take daga la'asar har bayan tsakar dare, tsayinta kuma daidai fuskar yaro ɗan shekara 5 ne. Tiyon gas ɗin, zafin Jidda yana busar da shi har ya tsattsage, kuma sai mutum ya shafa masa ruwan sabulu ya ga kumfa tana tashi kafin ya san yana yoyo. A wani wurin da na yi aiki, wayoyin lantarkin rumfa shida a ƙarƙashin darduma guda aka bi da su, yara suna takawa da jiƙaƙƙun ƙafafu, na'urar kashe gobara kuwa tana can bayan katon-katon na ruwa, allurarta ta daɗe da sauka daga kore. Ma'aikacin baladiyya, wato hukumar birni, yakan nemi takardar shaidar lafiyarmu, muna kuma nuna masa da farin ciki, amma takardar ba ta san halin da tiyo yake ciki ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, shi ne hukumarka, wadda aka kafa a 2016 take kuma ba da izinin waɗannan wurare, ta haɗa kai da baladiyya da Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ceto, a mayar da duba kayan rumfuna sharaɗin buɗe wuri kamar yadda ake duba liluka, a kuma ɗora wa mai wurin nauyin samar da shingen tukunya da wayoyi masu rufi, domin kuɗin hayar da muke biya ya isa ya ɗauki wannan. Haka nan a liƙa wa kowane lilo da kowace rumfa takarda mai ɗauke da ranar dubawa ta ƙarshe, tare da lambobin kiran gaggawa, 998 na 'yan kashe gobara da 997 na motar asibiti, a inda uwa mai riƙe da hannun ɗanta za ta iya karantawa kafin ta sayi tikiti.

Allah ya ƙara maka lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mai rumfar gugguru da balila, Jidda