Sanarwa: Tattaunawarmu ta Asabar kan Paul Graham

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ranar Asabar da dare za mu tattauna kan Paul Graham, masanin kwamfuta kuma mai zuba jari a sabbin kamfanoni.

Da rubuta manhaja ya fara. A 1995 shi da Robert Morris suka kafa Viaweb a Amurka, manhajar da ɗan kasuwa ke buɗe shago da ita a intanet. Yahoo ta saye ta a 1998 kan kusan dala miliyan 49.

Ni dai inda na fi so mu daɗe shi ne Y Combinator, cibiyar tallafa wa sabbin kamfanoni wadda shi da abokansa suka kafa a 2005. Takan ba sabon kamfani jari kaɗan da horon wata uku, ta karɓi ɗan kaso a cikinsa. Kamfanonin intanet irin su Reddit, Dropbox da Airbnb duk ta nan suka biyo.

Masu koyon rubuta manhaja, don Allah ku turo tambayoyinku kafin Juma'a.