A Daina Zaɓen Bawul da Faɗin Bututu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in ja hankalin injiniyoyi da masu sayo wa masana'antu kayan aiki a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato zaɓen bawul mai daidaita gudun ruwa ko gas ta hanyar duban faɗin bututu kawai, sannan a ƙara masa girma wai don gudun matsala.

Da lissafi ake zaɓen bawul. Ma'aunin da masu ƙerawa suke bayarwa, Kv, shi ne yawan ruwan da zai wuce cikin awa 1, a mita kubik, idan bambancin matsi tsakanin mashiga da mafita ya kai bar 1 (bar ma'aunin matsi ne), kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60534 ta shimfiɗa yadda ake lissafin. Sai bambancin matsin ya ninka sau 4 kafin gudun ruwa ya ninka sau 2.

Bawul ɗin da ya yi girma fiye da kima yakan yi aikinsa dab da rufewa, inda ɗan motsi kaɗan yake sauya gudu sosai, sai na'urar sarrafawa ta yi ta buɗewa da rufewa ba natsuwa, mazaunin bawul, wato inda murfinsa na ciki yake zama idan ya rufe, ya cinye tun lokacinsa bai yi ba. Shi ya sa aka fi son ya riƙa aiki tsakanin kashi 20 zuwa 80 cikin 100 na buɗewarsa, ko da hakan na nufin ya fi bututun ƙanƙanta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar ruwa da gas abu ɗaya. A ruwa, idan matsi ya faɗi ƙwarai a maƙurar bawul, wato inda hanyar cikinsa ta fi ƙunci, kumfar tururi takan taso, ta fashe a gaba da ƙara kamar ana zuba tsakuwa, tana ƙwaƙule ƙarfe. Gas kuwa yana matsuwa, kuma da zarar saurinsa ya kai saurin sauti a maƙurar, rage matsin mafita ba zai ƙara ko kaɗan a kan abin da ke wucewa ba.

Saboda haka ina roƙon duk mai sa hannu a takardar saye da ya nemi lissafi a kan gudu mafi ƙaranci, da na yau da kullum, da mafi yawa, tare da matsi da zafin kowanne, kafin ya amince.

Na gode.

Naku,
Wani injiniya mai karanta jaridarku