Godiya ga ofishin da ya kai Babana ga jirgin ƙasa

Zuwa ga Hajiya da ma'aikatanta na ofishin hayar motoci da shirya tafiye-tafiye da ke nan garin Tawa. Assalamu alaikum.

Na yi muku godiya baki da baki ranar da muka maido mota, amma raina bai kwanta ba, shi ya sa nake rubuta wannan a bainar jama'a.

Mahaifina ya haura shekara 70, tsohon malamin lakkol ne. Ya yi shekaru yana zana wa yara jirgin ƙasa a allo da alli, shi kuwa bai taɓa sa ƙafa cikinsa ba. Tun yana yaro yake jin labari a bakin kakanmu, wanda ya sha kai kaya da jakuna har Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya ƙare tun 1929. Da aka fara shimfiɗa layin Yamai zuwa Dosso a 2014 ya yi murna ƙwarai, ya ce to ga shi ya zo gida. Aka yi bikin buɗewa a 2016, sannan shiru, har ciyawa ta rufe ƙarfen. Daga nan ya daina maganar. Ni dai na san abin yana ransa.

Da hutun Disamba ya matso na shigo ofishinku da shirina a kai: mu ɗauki mota, mu bi ta Ƙwanni mu tsallaka Illela, mu kwana Sakkwato, gari na wayewa mu miƙe ta Gusau zuwa Kaduna mu hau jirgi. Na ma ƙidaya kwanakin. Hajiya, kin saurare ni har na kai aya, sannan kika ce, "Malam, motar tana nan, amma ba zan ba ka ita a kan wannan hanya ba, ga tsoho ga yara." Kin san ina iya fita in nemi wani wuri, kuɗin kuma ya wuce ki. Duk da haka kika faɗa mini gaskiya game da halin tsaron hanyar Zamfara. Kika jawo takarda da fensir kika zana wata: daga Tawa zuwa mararrabar Tsarnawa, mu juya gabas ta Galmi da Madawa, mu kwana Maraɗi, mu tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya da hantsi, mu wuce Katsina da Kano har Kaduna. Ta fi tsawo, ta fi cin mai. Kika gindaya sharaɗi guda, cewa kada magariba ta same mu a kan hanya ko sau ɗaya. Wannan takarda mai rubutun fensir har yanzu tana cikin aljihun rigar Baba.

Maganar takardu kuwa, nan ne na san aikinku ba na wasa ba ne. Ni na ɗauka katin shaida ya isa. Ashe motar haya ba ta ƙetare iyaka sai da rubutaccen izinin mai ita, da katin inshorar nan na CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ake kira kart brun, da lase-fase, wato takardar izinin wucewar mota, da ake karɓa wajen duwan (kwastan). Mu kanmu sai da kuka tura mu muka sabunta katin rigakafin shawara. Yaron ofishinku ya jera komi cikin leda guda, bisa tsarin da za a tambaye su. An daɗe iyakar tana rufe tun Agustan 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe, don haka na iso bakin iyaka gabana yana faɗuwa. Jami'i ya buɗe ledar, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya buga hatimi. Ko shayin da Baba ya saya bai huce ba. Kun kuma gaya mini nawa zan canza zuwa naira a Maraɗi, nawa zan bari a sefa, kuma lissafin ya fita daidai.

Direban da kuka haɗa mu da shi, Allah ya yi masa albarka. Buta da tabarma suna bayan mota, lokacin salla bai taɓa wuce mu ba. Bai kira mahaifina da wani suna ba sai Baba, in zai sauka kuma shi ke riƙe masa hannu. A Katsina ya kai mu hasumiyar Gobarau, a Kano muka kwana biyu, yara suka hau Dala suka ga marinar Ƙofar Mata.

Tikitin jirgin ku kuka saya mana ta intanet tun muna Kano, da sunan kowa yadda yake a takardarsa, domin ana dubawa a ƙofa. Kafin nan kin zaunar da ni, Hajiya, kin tuna mini harin da aka kai wa wannan jirgi na Kaduna zuwa Abuja ranar 28 ga Maris 2022, da yadda aka dakatar da shi har Disamban shekarar. Kika ce gara in ji daga bakinki in yanke shawara da kaina. Na gaya wa Baba. Ya ce rai na hannun Allah, mu dai mu ɗauki na safe.

Muka iso tashar Rigasa da ke Kaduna tun da sanyin safiya. Da jirgin ya tsaya, Baba bai shiga nan da nan ba. Ya matsa ya ɗora tafin hannunsa a jikin tarago, ya daɗe a haka, leɓensa na motsi. Mutane na ta wuce shi da jakunkuna. A ciki ya zauna bakin taga, kujerar da kuka zaɓa masa da gangan. Kilomita 186 ne zuwa tashar Idu a Abuja, tafiyar awa biyu da wani abu, kuma bai runtsa ba. Ya ajiye kofin ruwa a gabansa yana nuna wa jikokinsa yadda bai zube ba. Can wajen Jere ya juyo ya ce mini, "Ashe tayoyin ba kamar yadda nake zanawa suke ba." Ya yi dariya, idonsa da ƙwalla. Ni ma sai na kau da kai.

A Idu, wadda ke nesa da tsakiyar gari, mun tarar da wata mota da kuka shirya tana jira, alhali tamu tana Kaduna da direba har muka dawo bayan kwana uku. Kowane dare kuma sai wayar ofishinku ta shigo: kun sauka lafiya, ya jikin Baba? Da muka zo biyan kuɗi, abin da aka rubuta ranar farko shi na biya, ko dala ba ta ƙaru ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya buɗa kasuwa, ya tsare motocinku da direbobinku. Baba ya ce in gaishe ki, Hajiya. Ya kuma ce in shaida miki cewa layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, mai kilomita 284, in Allah ya nuna masa ranar da aka gama shi, ki ajiye masa kujerar bakin taga.

Naku,
wani malamin makaranta a Tawa